Kemo da Maganin Sa Barci a Tiyatar Ciwon Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Da yawa daga masu fama da ciwon daji ba sa shiga ɗakin tiyata sai bayan sun shafe watanni ana yi musu ƙarin ruwan maganin ciwon, wanda a asibiti aka fi sani da kemo. Kafin ranar aikin ta zo, jikin ya riga ya canza: nauyi ya ragu, jini ya yi ƙasa, wataƙila kuma zuciya ko ƙoda ko jijiyoyi sun taɓu. Wannan jikin ne likitan sa barci zai auna wa magani. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne na gaba ɗaya ga majinyata da masu jinyarsu, hukunci kuwa yana hannun likitan da ya duba majinyacin da idonsa, ya kuma ga sakamakon gwaje-gwajensa.

Me ya sa ake fara yin kemo kafin tiyata, maimakon a cire ƙarin tun farko?

Dalilai biyu ne manya. Na farko, domin ƙarin ya motse har ya zama wuƙa za ta iya kewaye shi ba tare da an yi ɓarna mai yawa ba. A sankarar mama, alal misali, hakan kan sa a cire ɓangare kawai maimakon maman gaba ɗaya, ko kuma ƙarin da a da ba ya ciruwa ya zama mai ciruwa. Na biyu, domin a kashe ƙwayoyin cutar da suka riga suka bi jini suka bazu amma hoto bai kai ga nuna su ba. Ana bin wannan tsari a kansar mama, da ta ciki, da ta maƙoshi, da ta mafitsara, da ta ƙarshen hanji, da ta ƙwan mace, da kuma kansar ƙashi mai kama matasa. A ƙasashenmu, inda mata da yawa ba sa isa asibiti sai ƙarin mama ya yi girma ko ya fashe, fara kemo kafin aiki abu ne da ake gani kullum a asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato.

Da gaske ne wanda aka yi wa kemo maganin barci ya fi saurin kama shi?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ƙa'ida ba ce da ta hau kan kowa. Wasu ƙananan bincike, akasarinsu a ƙasar Sin, sun kwatanta mata masu sankarar mama da aka yi wa kemo kafin aiki da waɗanda ba a yi wa ba, suka tarar cewa rukunin farko sukan fita hayyacinsu da ƙarancin furofofol, wato farin maganin nan mai kama da madara da ake turawa ta jijiya domin fara barcin tiyata. An kuma sami irin wannan sakamako game da iskar barci da ake shaƙawa, kamar sebofuluren, a wasu masu kansar ciki. Sai dai mutanen da aka yi waɗannan bincike a kansu ba su da yawa, magungunan kemon da suka sha sun sha bamban, kuma ba kowane bincike ne ya ga bambancin ba. Saboda haka babu wani littafin aiki da ya ce a rage kashi kaza ga duk wanda aka yi wa kemo.

Abin da ya fi muhimmanci a aikace shi ne a rarrabe abubuwa biyu da mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai saurin da ƙwaƙwalwa ke yi wajen miƙa wuya ga maganin, akwai kuma yadda zuciya da jijiyoyin jini da numfashi ke jure shi. Na biyun ya fi na farkon haɗari. Majinyacin da ya yi barci da sauri fiye da yadda aka zata ba matsala ba ne idan likita na lura, amma wanda ƙarfin jininsa ya faɗi warwas minti biyu bayan allura, domin zuciyarsa ta raunana ko jikinsa ya bushe saboda amai da gudawa, shi ne wanda ake tsoro. Don haka idan likitoci suka ce mai kemo yana da saurin jin magani, galibi wannan ɓangaren suke nufi.

Ta wace hanya kemo ke canza yadda jiki ke karɓar maganin?

Hanyoyin suna da yawa, kuma sukan taru a kan mutum ɗaya. A cikin jini akwai wani sinadarin furotin da hanta ke haɗawa, ana kiransa albumin, wanda yawancin magungunan barci ke maƙalewa a jikinsa. Furofofol, alal misali, kusan kashi 98 cikin 100 na abin da aka tura yana maƙale ne da furotin, ɗan ragowar da ke yawo a sake shi ne yake shiga ƙwaƙwalwa ya yi aiki. A lafiyayyen mutum albumin yana kaiwa giram 35 zuwa 50 a kowace lita ta jini. Wanda ya yi watanni ba ya iya cin abinci, ko hantarsa ta gaji, nasa yakan yi ƙasa, sai ɓangaren maganin da ke yawo a sake ya ƙaru, allurar da ta dace da shi a bara ta yi masa yawa a bana.

Sai ramar jiki. Ciwon daji da kemo suna cin tsoka, kuma mutum zai iya rasa tsoka mai yawa alhali ma'aunin nauyi bai nuna sauyi sosai ba, musamman idan ruwa ya taru masa a ciki ko a ƙafafu. Idan aka lissafa magani da kilo kawai, an lissafa har da ruwan. Bayan haka akwai hanta da ƙoda, waɗanda su ne ke narkar da magani su fitar da shi; idan suka yi sanyi, maganin yakan daɗe a jiki, farfaɗowa ta yi jinkiri. Akwai ƙarancin jini, wanda ke rage iskar oksijin da ke kaiwa ga gaɓoɓi. Akwai kuma jijiyoyin nan da ke daidaita bugun zuciya da matsewar hanyoyin jini ba tare da sanin mutum ba, waɗanda magungunan kemo irin su binkiristin da sisfilatin kan iya lalatawa. Alamarsu ita ce jiri idan mutum ya miƙe tsaye, da taurin bayan gida mai tsanani, da jin abinci ya tsaya a ciki ya ƙi wucewa. Mai irin wannan alama jikinsa ba ya iya tayar da ƙarfin jini da kansa idan maganin barci ya saukar da shi, kuma cikinsa na iya kasancewa da abinci ko da ya kiyaye awannin da aka hana shi ci.

Game da ita ƙwaƙwalwar kanta, sananne ne cewa majinyata da yawa suna kukan mantuwa da rashin tattara hankali a lokacin kemo da bayansa. Masu bincike suna ganin canjin da ke haddasa wannan yana iya zama ɗaya daga dalilan saurin kamuwa da maganin barci.

To akwai wanda zai buƙaci magani fiye da na kowa?

Ƙwarai kuwa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Majinyacin da ya daɗe yana shan mofin ko tiramadol ko kodin saboda raɗaɗin ciwon, jikinsa ya saba da su, don haka adadin da zai kwantar wa wani da zafin ɗinki ba zai yi masa komai ba. Irin wannan mutum zai iya zama mai saurin jin maganin barci, a lokaci guda kuma mai taurin jin maganin kashe zafi. Haka ma wanda ya saba da ƙwayoyin sa barci na dare, ko barasa, ko wasu magungunan farfaɗiya da ke hanzarta aikin hanta.

Ya kamata a faɗi wannan a fili, tunda shan tiramadol da maganin tari mai kodin ba bisa umarnin likita ba ya yaɗu a garuruwanmu: likitan sa barci yana tambaya ne domin lissafi, ba domin ya kunyata kowa ba. Wanda ya ɓoye zai farka cikin azabar da an iya kauce mata, ko kuma a kwana na biyu ya shiga gumi da karkarwa da rashin natsuwa saboda an yanke masa abin da jikinsa ya saba da shi farat ɗaya. Idan majinyaci yana jin nauyin magana a gaban iyaye ko miji ko mata, yana da haƙƙin ya nemi ganin likitan shi kaɗai.

Yaya likitan ke gane adadin da ya dace da ni?

Yana farawa ne da lissafin shekaru da nauyi da sakamakon gwaji, sannan ya riƙa tura maganin kaɗan-kaɗan yana kallon yadda jiki ke amsawa, kamar yadda mai girki ke zuba gishiri tana ɗanɗanawa. Shekaru kaɗai suna da tasiri babba, domin buƙatar iskar barci tana raguwa da kusan kashi 6 cikin 100 a kowace shekara goma bayan mutum ya haura 40. A tsawon aikin ana bin bugun zuciya, da ƙarfin jini, da yawan oksijin a jini, da iskar da ke fita daga huhu. A asibitocin da ke da kayan aiki akwai wata na'ura da ake manna wa a goshi tana karanta motsin ƙwaƙwalwa ta nuna lamba daga 0 zuwa 100, ana kuma so lambar ta tsaya tsakanin 40 da 60 a lokacin tiyata. Ga manyan ayyuka akan sa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu domin ganin ƙarfin jini a kowane bugu. Inda babu waɗannan na'urori, likita yakan dogara da tura magani a hankali da kuma zaɓen wanda ba ya saukar da jini sosai, kamar ketamin ko etomidet, ga majinyacin da ya galabaita.

Kwana nawa ya kamata a bari tsakanin kemo na ƙarshe da ranar tiyata?

Ga yawancin magunguna, mako uku zuwa shida. Dalili shi ne kemo yana danne ɓargo, wanda shi ne masana'antar jini. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta sukan kai ƙarshen faɗuwarsu tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan, su farfaɗo wajen mako na uku. Yanka mutum a tsakiyar wannan faɗuwa yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta da kuma zubar jini, jinkiri mai tsawo kuma yana ba ƙarin damar sake girma. Shi ya sa ake duba jini 'yan kwanaki kafin aiki, ba a dogara da ƙidayar kalanda kawai.

Wani maganin ciwon daji mai suna bebasizumab yana da hukunci na daban. Aikinsa shi ne hana tsirowar sababbin hanyoyin jini da ƙari ke rayuwa da su, amma miki ma da irin waɗannan hanyoyi yake warkewa. Yana daɗewa a jiki, kusan kwana 20 kafin rabinsa ya fita, don haka ba a yin tiyatar da ba ta gaggawa ba sai an yi aƙalla kwana 28 da daina shi, likitocin fiɗa da yawa ma sukan jira mako shida zuwa takwas. Idan kuwa gaggawa ce, kamar toshewar hanji ko ɓulewarsa, ba a jira. Ana shiga da shiri na jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

An yi mini jan maganin nan da ke sa fitsari ya yi ja. Me ya sa aka ce sai an yi mini hoton zuciya?

Wannan doksorubisin ne, ko ɗan'uwansa efirubisin, kuma suna cikin magungunan da aka fi amfani da su a sankarar mama da ta ƙululun jini da ta ƙashi. Jan fitsarin launin maganin ne kawai, yana wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin lura shi ne tsokar zuciya, domin illarsa gare ta taruwa take yi: ana lissafa duk abin da mutum ya taɓa karɓa a rayuwarsa, kuma haɗarin gazawar zuciya yana hawa sosai idan jimillar doksorubisin ta kai miligiram 450 zuwa 550 a kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Macen da aka yi wa zagaye huɗu a kan miligiram 60 ta karɓi 240 ke nan, wato tana ƙasa da iyakar, amma hakan bai wanke ta gaba ɗaya ba idan tana da hawan jini ko ciwon suga, ko shekarunta sun ja, ko an gasa mata ƙirji ta ɓangaren hagu da injin haske mai kashe ƙwayoyin ciwon daji, ko an haɗa mata da wani maganin sankarar mama mai suna tirastuzumab. Shi tirastuzumab yana raunana zuciya ta wata hanya dabam, kuma sau da yawa zuciyar kan dawo daidai idan an dakatar da shi, saɓanin ɓarnar doksorubisin da kan zauna, har ma ta iya bayyana bayan shekaru.

Hoton zuciyar yana auna kason jinin da take iya turawa a kowane bugu, wanda a lafiyayye yakan kai kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Mutum na iya zama lafiya ƙalau a zaune, amma zuciyarsa ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɗauki maganin barci da zubar jini da ƙarin ruwa a lokaci guda. Duk wanda yake haki idan ya hau bene, ko ba ya iya kwanciya rigingine sai da matasai da yawa, ko ƙafafunsa na kumbura, to ya faɗa ko ba a tambaye shi ba. A asibitin da har yanzu ake amfani da tsohuwar iskar barci mai suna halotan, wannan bayani ya fi zama dole, domin halotan yana rage ƙarfin bugun zuciya kuma yana sa ta saurin rikicewa. Haka kuma magungunan kemo fuluworoyurasil da kafesitabin kan iya matse jijiyoyin da ke ciyar da zuciya su jawo ciwon ƙirji; wanda hakan ya taɓa faruwa da shi ya ambata.

Me ya haɗa biliyomaisin da iskar oksijin, alhali oksijin abin taimako ne?

Biliyomaisin yana cikin maganin kansar maraina, da ta Hojkin, da kuma kansar fata ta Kafosi. Huhu ba shi da isasshen sinadarin da ke karya wannan magani, don haka yakan iya ƙona shi ya bar tabo, musamman idan jimillar ta haura yunit 400, ko majinyacin ya manyanta, ko ƙodarsa ba ta da ƙarfi. A shekarar 1978 wasu likitoci a birnin New York suka ba da rahoton masu kansar maraina biyar da aka yi wa biliyomaisin, aka yi musu tiyata, dukkansu suka rasu sakamakon gazawar huhu 'yan kwanaki bayan aikin. Da aka rage yawan oksijin da kuma ruwan da ake ƙarawa ga waɗanda suka biyo baya, sai suka tsira. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa yawan ƙarin ruwa da jini yana da hannu babba a lamarin, wataƙila ma fiye da iskar. Duk da haka al'adar da likitoci suka tsaya a kai ita ce a ba irin wannan majinyaci mafi ƙarancin oksijin da zai wadatar, a bar ma'aunin oksijin da ake sa wa a yatsa yana nuna 88 zuwa 92 maimakon a kore shi zuwa 100, a kuma yi tsantseni da ƙarin ruwa. Wannan bai hana a ba shi cikakken oksijin ba idan rayuwarsa na cikin haɗari.

Hukuncin ba ya ƙarewa da ƙarewar jinya. Saurayin da ya warke daga kansar maraina yana ɗan shekara 25, idan aka zo yi masa aikin ƙaba yana da 45, har yanzu ya kamata ya ce an taɓa yi masa biliyomaisin.

Akwai magungunan ɗakin tiyata da ba sa jituwa da wasu nau'o'in kemo kai tsaye?

Akwai. Suksametoniyam magani ne mai sassauta tsoka da ake bayarwa domin sa bututun numfashi, kuma a al'ada yakan sake mutum cikin minti biyar zuwa goma, saboda wani sinadari a jini yana karya shi. Maganin kemo saikulofosfamaid yana rage wannan sinadari, sai majinyaci ya daɗe bai iya numfashi da kansa ba. Maganin matsalar mai sauƙi ne idan an san da ita: a ci gaba da ba shi barci da numfashin inji har tsokar ta dawo, ko tun farko a zaɓi wani maganin. Na biyu, iskar barci ta naitiros oksaid tana lalata aikin bitamin B12, shi kuma maganin kemo metotireksat yana toshe hanyar folik asid, hanyoyin biyu kuwa a haɗe suke. Idan suka gamu, illar metotireksat ga ɓargo da baki tana ƙaruwa, don haka ake guje wa iskar ga wanda bai daɗe da karɓar maganin ba. Afirefitan, da ake bayarwa domin hana amai a ranakun kemo, yana jinkirta fitar midazolam, wani maganin kwantar da hankali da sa barci, daga jiki na ɗan lokaci.

Tafin ƙafata da yatsuna sun sage tun da aka fara kemo. Za a iya yi mini allurar kashin baya?

Sagewar yatsu da tafin ƙafa, da jin kamar ana tsira allura, sanannen aikin fakilitaksel ne da binkiristin da sisfilatin da oksalifilatin. Na ƙarshen har yakan sa taɓa ruwan sanyi ya zama kamar jan lantarki. Wannan bai haramta allurar kashin baya ko allurar kashe jijiyar wani sashe ba, amma likita zai auna amfaninta da haɗarinta, domin jijiyar da ta riga ta jikkata ba ta jure rauni na biyu kamar lafiyayya. Zai rubuta iyakar inda sagewar ta kai kafin aiki, saboda a iya bambanta tsohuwar matsala da sabuwa, zai iya rage ƙarfin maganin, kuma za a kula da yadda aka shimfiɗe hannuwa da ƙafafu a kan gadon tiyata kada wani wuri ya danne.

Abin da ya fi saurin hana allurar shi ne ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini. A lafiyayye suna kaiwa 150,000 zuwa 400,000 a kowace maikurolita. Likitoci da yawa ba sa sa allura a baya idan sun gaza 70,000 zuwa 80,000, domin jinin da ya taru a kusa da laka yana iya shanye ƙafafu. Haka nan idan majinyaci yana kan allurar tsinka jini, wadda ake yawan ba masu kansa saboda jininsu na saurin gudajewa a jijiyoyin ƙafa, sai an lissafa awannin da suka wuce tun allurar ƙarshe.

Me ake nema a gwajin ƙoda da hanta?

Sisfilatin yana cutar da ƙoda, yana kuma sa ta zubar da maganiziyam da fotasiyam, waɗanda ƙarancinsu ke rikita bugun zuciya a ƙarƙashin maganin barci. Ana cike giɓin kafin aiki. Ga mai raunin ƙoda ana guje wa daikulofenak da ibufurofen da allurar jentamaisin, kuma mofin yakan taru masa a jiki. Oksalifilatin da irinotekan suna taɓa hanta, abin da ke da muhimmanci idan hantar ce za a yanka. A yankinmu akwai ƙarin dalili, wato yawan masu ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba tare da sun sani ba; kemo yana iya tayar da ƙwayar cutar daga kwanciya, musamman idan akwai maganin ciwon daji rituksimab ko siteroyid a cikin haɗin. Mai sikila ma ya bayyana kansa da wuri, domin shirinsa na ruwa da ɗumi da jini daban ne.

Ƙwayoyin siteroyid da sababbin magungunan ƙarfafa garkuwar jiki fa?

Wanda ya yi makonni yana shan firednisolon ko deksametason, ƙululun da ke saman ƙodarsa sukan yi kasala wajen fitar da kotisol, sinadarin da jiki ke buƙata domin jure wahala irin ta tiyata. Idan ba a sani ba, jininsa zai faɗi ya ƙi tashi duk da ƙarin ruwa. Idan an sani, allurar haidurokotison a farkon aiki tana magance abin. Siteroyid kuma yana ɗaga suga. Su kuwa fembirolizumab da nibolumab da ire-irensu, suna iya sa garkuwar jiki ta far wa ƙululun wuya, ko na saman ƙoda, ko huhu, ko tsokar zuciya, wani lokaci watanni bayan an daina su, kuma alamar farko kan zama gajiya kawai, wadda kowa zai ɗora wa ciwon.

An gasa mini wuya, bakina kuma yana da gyambo. Wannan ya shafi likitan barci?

Ya shafe shi. Gasawar tana sa naman wuya da muƙamuƙi su yi tauri, baki ya ƙi buɗuwa sosai, sa bututun numfashi ya yi wuya, har wani lokaci sai an sa shi da kyamara majinyaci yana farke an kashe masa zafin maƙogwaro. Gyambon baki yana saurin jini, haƙoran da suka yi girgiɗi kuma suna iya fita. Jijiyoyin hannu da kemo ya ƙona su ma akan sha wahalar samunsu, don haka mai 'yar na'urar ƙarin ruwa da aka dasa a ƙirji ya nuna ta.

Zan iya ci gaba da maganin gargajiya? Batun rashin ci kafin aiki kuma fa?

Shawarar likitocin sa barci ita ce a dakatar da duk wani jiƙo da gari da ƙwayoyin ƙarin kuzari mako biyu kafin tiyata. Tafarnuwa da citta idan an sha su da yawa a matsayin magani suna iya ƙara zubar jini, haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba kuma yana iya ƙara wa hanta da ƙoda nauyi a kan wanda kemo ya ɗora musu. Abin da ke cikin miya ba shi ake nufi ba.

Game da ci, ƙa'idar ita ce a daina abinci awa shida kafin aiki, ruwa zalla kuma awa biyu, sai dai idan likita ya ba da umarni na daban. Kunu da koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Kishiyar kuskuren ma tana faruwa, inda majinyaci zai ƙaurace wa ruwa tun magaribar jiya alhali aikinsa sai azahar, ya shiga ɗaki a bushe, wanda shi ne ainihin yanayin da maganin barci ke kayar da jini. Wanda tiyatarsa ta faɗo cikin watan Ramadan ya tattauna da likitansa tun da wuri game da kwanakin da ke gabanta. Rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya sananne ne.

Bayan aiki, me ya kamata masu jinya su sa ido a kai?

Jinkirin farfaɗowa na ɗan lokaci ba abin firgita ba ne ga wanda ya rame ko hantarsa ta yi sanyi. Abin da za a gaggauta kiran nas a kai shi ne numfashi mai nisa-nisa ko minshari mai nauyi bayan allurar kashe zafi, da barcin da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, da haki ko tari da ya taso a kwana na biyu zuwa na biyar, musamman ga mai tarihin biliyomaisin, da zazzaɓin da ya kai digiri 38, da kumburin ƙafa ɗaya mai zafi. Tsofaffi sukan rikice, su yi ta sambatu ko su kasa gane 'ya'yansu, galibi da dare. Wannan ruɗewa ce da ke biyo bayan tiyata, tana da sababi kamar ƙwayar cuta ko ƙarancin oksijin ko rikicewar gishirin jini ko yawan magani, kuma ana bincikarta a asibiti. Kada a ɓata lokaci ana danganta ta da iska ko sammu. Wanda ya sha fama da amai a lokacin kemo ya faɗa tun kafin aiki, a haɗa masa magungunan hana amai iri biyu ko uku.

Na ji an ce irin maganin barcin da aka yi amfani da shi yana iya sa ciwon daji ya dawo. Haka ne?

Zancen ya samo asali ne daga gwaje-gwajen ɗakin bincike da kuma waiwayen tsofaffin fayiloli, waɗanda suka nuna kamar iskar barci da mofin suna danne garkuwar jiki fiye da furofofol da allurar kashe jijiya. Da aka gwada shi yadda ya kamata, sakamakon bai goyi bayan fargabar ba. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2019, wanda ya ƙunshi mata fiye da 2,000 masu sankarar mama a ƙasashe da dama, ya raba su biyu: wasu aka yi musu furofofol da allurar kashe jijiyoyin gefen kashin baya, wasu sebofuluren da dangin mofin. Cutar ta dawo wa kusan kashi 10 cikin 100 a kowane rukuni. Saboda haka babu hujjar majinyaci ya ƙi maganin kashe zafi ko ya dage sai wani nau'in barci saboda wannan tsoro.

An yi mini kemo a wani asibiti, tiyata kuma a wani. Me zan kawo?

Wannan yanayi ya zama ruwan dare, domin mutum zai iya karɓar kemo a Kano, a gasa shi a Abuja ko Zariya, a yi masa aiki a asibitin kuɗi kusa da gida, wasu ma daga Masar ko Indiya suke dawowa, ko su tsallako daga Maraɗi da Damagaram, kuma fayil ba ya bin majinyaci da kansa. Cewa “an yi mini ruwa shida” ba ya wadatar da likitan barci da komai. Abin da yake buƙata a rubuce shi ne sunan kowane magani, da adadin da aka bayar a kowane zagaye, da yawan zagayen, da ranar na ƙarshe, da wurin da aka gasa idan an yi gashi, da sakamakon hoton zuciya na farko da na baya-bayan nan, da duk wata matsala da ta sa aka dakatar da magani ko aka rage shi. A nemi likitan ciwon daji ya rubuta takaitaccen bayani a takarda ɗaya, a ɗauki hotonta a waya, a kuma ba mai jinya kwafi. Idan takardar ba ta samu ba, rasiɗan kantin magani da kwalayen allurar da aka saya suna ɗauke da sunaye da adadi, kuma likita zai iya lissafa jimillar doksorubisin ko biliyomaisin daga gare su. A zo da duk magungunan da ake sha a halin yanzu cikin kwalayensu, har da tamoksifen na sankarar mama, wanda ke ƙara haɗarin gudajin jini kuma wani lokaci akan dakatar da shi kafin babban aiki, sannan a nemi ganin likitan sa barci aƙalla mako ɗaya kafin ranar, domin ƙarin jini ko gyaran maganiziyam ko sabon hoton zuciya suna buƙatar lokaci, ba a so a bar su sai safiyar tiyata.